Sassaucin Gaɓɓai a Tsaka-tsakin Rayuwa: Bayani a Kan Miƙar Jiki Ba Tare da Jin Rauni Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda mai matsakaitan shekaru, wato daga 40 zuwa wajen 65, zai iya kiyaye sassaucin gaɓɓansa ta hanyar miƙar jiki ba tare da ya ji wa kansa rauni ba. An fara da tantance kalmomin da Hausawa ke amfani da su a wannan fage, musamman kalmar jijiya wadda faɗin ma'anarta kan kawo ruɗani tsakanin majinyaci da likita. Daga nan aka bayyana sauye-sauyen da ke samun tsoka da gaɓa yayin da shekaru suka fara ja, da yadda miƙa take aiki a cikin jiki, da ire-irenta, da ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa. An kuma kawo misalan miƙa guda 6, da rukunin mutanen da ya wajaba su yi hattara, da abubuwan da ake jingina wa miƙa alhali ba ta yin su.

Fitilun Kalmomi: miƙa, sassauci, gaɓa, tsoka, jijiya, agara

1.0 Gabatarwa

Rayuwar Bahaushe ta gargajiya rayuwa ce ta kusa da ƙasa. A kan tabarma ake zama a ci abinci, a can ake hira da karatu da karɓar gaisuwar makoki. Manomi a duƙe yake yini da fartanya, mace kuwa tsakanin daka da niƙa da jan guga da sharar tsakar gida babu gaɓar da ba ta motsawa. Gaisuwar girmamawa ita ma durƙuso ce ko tsugunno. Duk waɗannan sun kasance suna kai gwiwa da ƙugu da idon sawu iyakar lanƙwasuwarsu sau da dama a kowace rana, ba tare da wani ya kira abin da sunan atisaye ba.

A yau ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta da ɗan kasuwar birni da direba a kan kujera suke shafe mafi yawan yininsu. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, famfo ya rage jan guga, babur da mota sun rage tafiyar ƙasa. Bambancin da ke tsakanin rayuwar nan biyu abu ne da ake iya aunawa. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 60, tashi daga kujera kimanin digiri 90, amma cikakken tsugunno ko zama a kan dugadugai yana kaiwa digiri 150 ko fiye. Wanda rayuwarsa ta tsaya tsakanin kujera da mota da gado, to kashi mai yawa na zangon motsin gwiwarsa ya zama kufai.

Sakamakon haka yakan bayyana ne bayan shekara 40. Magidanci ya ga sai ya dafa bango kafin ya tashi daga tabarma, ko ya kasa waiwayawa sosai idan yana tuƙi. Uwargida ta ga hannunta ba ya kaiwa baya wajen ɗaura zane ko ɗankwali. Wani zaman tahiya ne ke gagararsa, har ya koma salla a kan kujera tun bai kai shekarun da ake zaton haka ba. Yawanci akan ce girma ne ya zo, ko kuma sanyi ne ya shiga jiki, a bar maganar a nan. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wani ɓangare na wannan sanƙarewa ana iya jinkirta shi, wani ma ana iya dawo da shi, muddin an bi hanyar da ta dace.

2.0 Tantance Kalmomi

2.1 Miƙa

Hausa tana da aikatau miƙa da miƙe, sannan tana da suna miƙa, wato abin da mutum kan yi idan ya tashi daga barci, galibi tare da hamma. Wannan miƙa ta ɗabi'a ba mutum kaɗai ke yin ta ba, kyanwa da kare ma suna yi. Takan ɗauki daƙiƙa kaɗan, kuma ba da shiri ake yin ta ba. Miƙar da ake nufi a wannan maƙala ita ce wadda ake yi da gangan: a kai wata tsoka ko gaɓa kusa da iyakar zangonta, a riƙe ko a maimaita bisa ƙa'ida, da nufin faɗaɗa wannan zango.

2.2 Sassauci

Akwai kalmomi da dama da za a iya ɗauka don bayyana iyawar gaɓa ta motsa daga farkon zangonta zuwa ƙarshe. Laushin jiki yana iya karkata zuwa ga taushin fata ko rashin ƙwari. Lanƙwasuwa tana nuni ga ɓangare ɗaya ne na motsi, ta bar miƙewa da juyawa. An zaɓi sassauci saboda kishiyarsa a bakin Hausawa ita ce ainihin abin da majinyata ke kuka da shi: riƙewa, ɗaurewa, sanƙarewa, sagewa. Wajibi ne a lura cewa sassauci na kowace gaɓa ne daban. Mutum na iya samun sassaucin ƙugu amma kafaɗarsa a riƙe take.

2.3 Jijiya

Nan ne babbar matsalar take. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar hanyar jini, tana ɗaukar zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa sassan jiki, tana ɗaukar igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, da wadda ta haɗa ƙashi da ƙashi, har ma da saiwar itace. Idan majinyaci ya ce jijiyarsa ta ɗaure, ko yana ciwon jijiya, abubuwa huɗu mabambanta yake iya nufi, kuma maganin ɗaya yana iya zama cutar ɗaya. Tsokar da ta riƙe tana amfana da miƙa, amma jijiyar saƙo da aka danne miƙa mai ƙarfi tana iya ƙara harzuƙa ta.

Saboda haka a nan za a bambanta su kamar haka: jijiyar jini ga hanyar jini, jijiyar saƙo ga mai ɗauke da ji da umarnin motsi, agara ga igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, kamar wadda ke saman diddige, kalmar da mahauta suka san ta sarai, sai kuma maɗaurin gaɓa ga igiyar da ta haɗa ƙashi da ƙashi, wadda idan ta yage ko ta ja ake cewa an yi targaɗe. Abin da miƙa ke nema shi ne tsoka da agararta da tantanin da ya lulluɓe su. Maɗaurin gaɓa aikinsa riƙe gaɓa ne, idan aka ja shi ya saki, gaɓar ta rasa mai tsaronta.

3.0 Abin da ke Samun Jiki Bayan Shekara 40

Agara da maɗaurin gaɓa da tantanin tsoka an gina su ne galibi da wani sinadari mai kama da zare da ake kira kolajin, tare da wani mai talewa kamar roba da ake kira ilastin. Yayin da shekaru ke ja, zaruruwan kolajin sukan riƙa sarƙewa da juna ta hanyar wasu ƙulle-ƙulle, ilastin kuma ingancinsa ya ragu. Sukarin da ke yawo cikin jini yana manne wa kolajin ya ƙara yawan waɗannan ƙulle-ƙulle, shi ya sa masu ciwon sukari suka fi saurin samun sanƙarewar gaɓɓai. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi yakan sauya, fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya kuma su rage ruwan da suke riƙewa. Ita ma tsoka tana fara raguwa a hankali, musamman ga wanda ba ya sa ta aiki.

Wani bincike da Stathokostas da abokan aikinta suka wallafa a Kanada a shekarar 2013, a kan mutane masu shekara 55 zuwa 86, ya nuna cewa zangon ɗaga kafaɗa da na lanƙwasa ƙugu suna raguwa da kimanin digiri 6 a kowace shekara 10. Adadin kamar bai taka kara ya karya ba, amma idan ya taru tsawon shekara 30 ya isa ya raba mutum da ɗauko kaya daga saman kanta ko sa takalmi ba tare da wahala ba.

A ƙasar Barazil, likita Claudio Gil Araújo da abokan aikinsa sun ƙirƙiro wani gwaji mai sauƙi: mutum ya zauna a ƙasa daga tsaye, sannan ya miƙe, ba tare da ya dafa komai ba. Ana ba da maki 5 na zama da 5 na tashi, ana cire maki 1 duk lokacin da aka dafa hannu ko gwiwa. A rahoton da suka fitar a ƙarshen 2012, wanda ya shafi mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80 da aka bibiya kimanin shekara 6, waɗanda suka sami maki 0 zuwa 3 sun ninka masu maki 8 zuwa 10 yawan mutuwa sau 5 zuwa 6. Wannan alaƙa ce aka gani, ba hujja ba ce cewa sanƙarewa ita ke kashewa, domin gwajin yana auna ƙarfin tsoka da daidaiton tsayuwa da nauyin jiki a lokaci guda. Sai dai abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne, abin da likitocin can suka mayar ma'aunin lafiya, shi ne abin da Bahaushe yake yi a kan tabarma sau da yawa a rana.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da yawa sukan kafa hujja da wannan su ce lokaci ya ƙure musu. Karin maganar ta yi daidai a fagen tarbiyya. A fagen jiki kuwa, tsokar ɗan shekara 50 ba busasshen icce ba ce. Nama ne mai rai da ke sabunta kansa gwargwadon aikin da aka ɗora masa. Abin da ya sauya shi ne tana buƙatar lallashi fiye da ta saurayi, kuma idan ta ji rauni takan daɗe ba ta warke ba.

4.0 Yadda Miƙa Take Aiki

A cikin kowace tsoka akwai wasu ƙananan masu gadi da siffarsu ta yi kama da mazarin kaɗi, wato masu kauri a tsakiya da tsini a baki biyu, don haka ana iya kiran su mazarin tsoka. Aikinsu shi ne auna tsawon tsoka da saurin da ake jan ta. Idan aka fizge ta farat ɗaya, sai su aika saƙo zuwa laka, laka ta mayar da umarni cewa tsokar ta tanƙe don kare kanta. Wannan shi ne abin da ake gani idan likita ya ɗan bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa da ƙaramar guduma, ƙafa ta yi harbi da kanta. Liddell da Sherrington ne suka yi cikakken bayanin wannan martani a Ingila a shekarar 1924. Darasin da ke ciki a fili yake: wanda ya fizgi tsokarsa yana ja ne ita ma tana ja, kuma tsakanin ja biyu ne zare ke tsinkewa. Jan da aka yi a hankali ba ya tayar da masu gadin sosai.

Na biyu, tsoka da agara suna da ɗabi'ar danƙo. Idan aka ja su aka riƙe, turjiyarsu takan ragu kaɗan-kaɗan cikin daƙiƙoƙin farko. Ɗumi yana ƙara musu wannan hali, sanyi yana rage shi, kamar yadda man kaɗanya ke daskarewa da hunturu ya narke da bazara. Sai dai wannan sassauci na ɗan lokaci ne, yakan gushe cikin ƙasa da sa'a guda.

Na uku shi ne sauyin da ke ɗorewa. An daɗe ana zaton tsoka ce ke ƙara tsawo. Amma a shekarar 1996 Magnusson da abokan aikinsa a Denmak suka nuna cewa bayan makonni 3 ana miƙa tsokar bayan cinya, zangon motsi ya ƙaru alhali taurin tsokar bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne juriya: ƙwaƙwalwa ta saba, ta daina ɗaukar wannan matsayi a matsayin haɗari, ta ƙyale gaɓar ta ƙara gaba. Ke nan, a makonnin farko miƙa horo ce ga jijiyoyin saƙo kafin ta zama horo ga nama. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa maimaici a kai a kai ya fi ƙarfin ja amfani. Sabo ake nema, sabo kuwa ba a yin sa rana ɗaya.

5.0 Ire-iren Miƙa

Miƙar riƙo ita ce a kai gaɓa inda aka fara jin ja, a tsaya cik na wasu daƙiƙoƙi. Ita ce mafi sauƙin koyo, kuma ita ta fi dacewa da mai farawa.

Miƙar motsi ita ce a riƙa kai gaɓa da dawo da ita a hankali, ana ƙara faɗin motsin sannu-sannu, kamar lilo da ƙafa gaba da baya ko juya kafaɗu. Ta fi dacewa kafin a fara tafiya mai sauri ko ƙwallo ko aikin gona.

Miƙar fizga ita ce wadda ake yi da zabura da dangwale, kamar mai duƙawa yana ta ƙoƙarin taɓo yatsun ƙafarsa da ƙarfin tsiya. 'Yan wasan da suka horu suna da inda suke amfani da ita, amma ga mai matsakaitan shekaru da ya daɗe bai motsa jiki ba, haɗarinta ya fi amfaninta, bisa dalilin da aka ambata na mazarin tsoka.

Miƙar tanƙe-da-saki ta samo asali ne daga aikin likita Herman Kabat da Margaret Knott da Dorothy Voss a Amurka, a shekarun 1940 da 1950, wajen jinyar masu shan inna da makamantansu. Ana kai tsoka matsayin ja, a tanƙe ta kamar ana turjewa na daƙiƙa 3 zuwa 6, a saki, sannan a ƙara miƙa ta na daƙiƙa 10 zuwa 30. Tana da tasiri, amma ya fi kyau a koye ta a hannun ƙwararre.

6.0 Ƙa'idojin Miƙa

Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta fitar da matsayarta a shekarar 2011, kuma har yanzu a kanta mafi yawan shawarwari suka dogara. Ta ce a yi miƙa aƙalla kwana 2 zuwa 3 a mako, yin ta kullum kuma ya fi. A riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, tsofaffi kuwa suna iya fin amfana da daƙiƙa 30 zuwa 60. A maimaita sau 2 zuwa 4, yadda jimillar kowace za ta kai daƙiƙa 60. Ana fara ganin canji mai ɗorewa bayan kimanin makonni 3 zuwa 4.

Ƙa'ida ta farko ita ce ɗumama jiki. Tafiyar minti 5 zuwa 10, ko da a tsakar gida ce, ta wadatar. Wanka da ruwan ɗumi ma yana taimakawa. Wannan ya fi zama wajibi a watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke sa jiki ya takure da safe.

Ta biyu ita ce sanin iyaka. Abin da ake so a ji shi ne ja a tsakiyar tsoka, mai ɗan takurawa amma wanda mutum zai iya magana da numfashi a cikinsa, kuma yakan lafa yayin da ake riƙe. Zafi mai suka a cikin gaɓa kanta alama ce ta a dakata. Haka nan jin kamar lantarki ya ja, ko tsira mai gangarowa ƙafa ko hannu, ko jin kamar kiyashi na tafiya a fata, ko mutuwar yatsu. Waɗannan muryar jijiyar saƙo ce. Al'adar jarunta da ke sa namiji ya cije ya daure ba ta da gurbi a nan. Jiki magayi ne, wanda ya ƙi saurarensa da lalama zai saurare shi a kwance.

Ta uku ita ce numfashi. Riƙe numfashi tare da yunƙuri yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, kuma yana sa tsoka ta ƙara tanƙewa. A shaƙa a hankali, a fitar a hankali, a ƙara gaba kaɗan yayin fitarwa.

Ta huɗu ta shafi lokaci. Fayafayan baya sukan sha ruwa su cika cikin dare, har mutum yakan fi tsawo da kimanin santimita 1 da safe. A wannan hali duƙawa mai tsanani ta fi matsa musu. Don haka mai fama da ciwon baya ya guji ƙoƙarin taɓo ƙasa da ƙarfi a sa'ar farko bayan tashi daga barci. Bayan dawowa daga masallaci ko kasuwa da ƙafa, ko da yamma, jiki ya fi karɓa.

7.0 Misalan Miƙa

Sha-raɓa: a fuskanci bango a dafa shi, a mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a manne da ƙasa, gwiwa a miƙe, a karkato gaba har a ji ja. Sassaucin wannan wuri shi ne ke ba da damar tsugunno ba tare da diddige ya ɗaga ba.

Bayan cinya: a kwanta rigingine a kan tabarma, a lanƙwasa gwiwa ɗaya, a rataya tawul ko gyale a tafin ɗaya ƙafar, a ɗago ta a hankali. Yin ta a kwance ya fi aminci ga baya a kan duƙawa daga tsaye.

Gaban ƙugu: a durƙusa da gwiwa ɗaya a kan abu mai laushi, ɗaya ƙafar a gaba, a tsuke mazaunai, a matsa gaba kaɗan ba tare da an banƙare baya ba. Wannan ita ce tsokar da zaman kujera ke barin ta a naɗe tsawon yini.

Mazaunai: a zauna a bakin kujera, a ɗora idon sawu ɗaya a kan ɗaya gwiwar, a miƙe baya, a karkato gaba daga ƙugu.

Ƙirji da gaban kafaɗa: a tsaya a bakin ƙofa, a jingina hannu daga gwiwarsa zuwa tafi a jikin dogarin ƙofar, a yi taku ɗaya gaba. Tana warware ranƙwafawar da rubutu da kwamfuta da waya ke jawowa.

Wuya: a zaune, a karkatar da kunne zuwa kafaɗa ba tare da an ɗaga kafaɗar ba, sannan a waiwaya dama da hagu a hankali. Ba a jan kai da hannu da ƙarfi, ba a kuma wulwula shi.

Idan aka ba kowace daƙiƙa 60 a dama, 60 a hagu, jimilla minti 12 ke nan.

8.0 Waɗanda Ya Wajaba Su Yi Hattara

Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi ko ja, ba a miƙa ta sai kumburin ya sauka. Haka wanda bai daɗe da karaya ko gocewar ƙashi ko targaɗe ko tiyata ba, sai da izinin likita. Matan da jinin al'ada ya ɗauke musu ƙashinsu yakan fara rage ƙwari. Wadda aka tabbatar mata da wannan lalura ta nisanci duƙawa mai ƙarfi da murɗa baya, domin ƙasusuwan baya na iya dannewa su karye. Masu sikila da ke jin ciwo a matsematsi ko ƙugu su fara zuwa a duba su, saboda kan ƙashin cinya yana iya lalacewa idan jini ya gaza isa gare shi.

Akwai kuma sanƙarewar kafaɗa, wadda ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, ta fi yawa ga mata da masu ciwon sukari. A nan jakar da ta kewaye gaɓar ce ke kumbura ta tsuke, kuma lalurar kan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. A matakin farko mai zafi, fizgar hannu da ƙarfi ƙara ta'azzara ta yake yi.

Wasu alamu kuwa asibiti ake nufa da su nan take: ciwon baya tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa mai ƙaruwa, ko jiri da gani bibbiyu yayin juya wuya.

Ya dace a taɓo wasu al'adu biyu. Ta farko ita ce sa yaro ya tattaka bayan babba, ko a sa wani ya ja gaɓa har ta yi ƙara. Tausa mai sauƙi tana kawo walwala, amma nauyin da ba a iya aunawa a kan bayan da ba a san halin ƙashinsa ba ganganci ne. Ƙarar gaɓa ma ba shaida ba ce cewa wani abu ya koma mazauninsa. Ta biyu ita ce shan ƙwayoyin kashe zafi barkatai, irin waɗanda ake haɗawa a ƙulla a leda. Wanda ya sha su kafin miƙa ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi, yawan shan wasunsu kuma yana illa ga ciki da ƙoda. Mai lalura ya nemi sashen gashin ƙashi, irin waɗanda ake da su a Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, inda za a auna gaɓar a tsara masa abin da ya dace da shi.

9.0 Abin da Miƙa Ba Ta Yi

An daɗe ana cewa miƙa tana hana jiki yin tsami bayan aikin ƙarfi. Bitar bincike da Herbert da abokan aikinsa suka fitar a ƙarƙashin cibiyar Cochrane a 2011 ta nuna cewa ragin da take kawowa bai kai a lissafa ba. Haka nan bitar Kay da Blazevich ta 2012 ta nuna cewa miƙar riƙo da ta kai daƙiƙa 60 ko fiye a kan tsoka ɗaya tana ɗan rage ƙarfinta na wani lokaci, don haka ba ita ce ta fi dacewa gab da gudu ko tsalle ba.

Miƙa kuma ba ta maye gurbin sauran motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta nemi baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Wata bita da Afonso da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ta gano cewa aikin ƙarfafa tsoka yana faɗaɗa zangon gaɓa kwatankwacin yadda miƙa ke yi. Sassaucin da babu ƙarfi a bayansa ba ya tayar da mutum daga tabarma. Daga ƙarshe, abin da aka samu yana zubewa cikin makonni idan aka daina.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sanƙarewar tsaka-tsakin rayuwa tana da tushe biyu: sauyin da shekaru ke kawowa ga kolajin da guringuntsi, da kuma barin amfani da cikakken zangon gaɓa. Na farko ba a tsayar da shi, na biyu kuwa yana hannun mai jiki. Minti 12 bayan an ɗumama jiki, kwana 3 a mako ko fiye, ba fizga ba riƙe numfashi, sun isa a fara ganin bambanci cikin wata guda. Wanda har yanzu yake iya zaman tabarma da tsugunno ba tare da ciwo ba, ya ci gaba da yin su, domin riƙe abin da ke hannu ya fi neman wanda ya kuɓuce sauƙi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan manazarta Hausa. Matuƙar kalma ɗaya ce ke ɗauke da hanyar jini da jijiyar saƙo da agara da maɗaurin gaɓa, to bayanin lafiya a rediyo da ɗakin likita zai ci gaba da isa kunnen majinyaci a cakuɗe. Tattara sunayen sassan jiki daga bakin mahauta da masu ɗori da wanzamai da 'yan kokawa a karuruwan Hausa daban-daban, da daidaita su tare da likitocin gashin ƙashi, bincike ne da amfaninsa zai kai har gadon asibiti.